Ƙwan Fitilar Da Na Sa Aka Cire

A lokacin da abin ya faru ni direban haya ne, ina jigilar 'yan kasuwa tsakanin Azare da Disina da wata tsohuwar mota da mahaifina ya sayar da shanunsa ya saya mini. Shi manomi ne, yana zaune a wani ƙauye kusa da Disina. Tuƙi na iya, amma abin da ke cikin inji ban san shi ba, kuma ina jin kunyar tambaya.

Wata rana jar fitila mai hoton batir ta fara kamawa a gabana, ta ɗauke, ta dawo. Na faɗa wa abokan aikina a tasha, suka yi mini dariya. Ɗaya ya ce tasa ta shekara tana ci, har ya saba da ita kamar ƙanwarsa. Wani dattijo a cikinmu ya ce tsoratar da fasinja kawai take yi, in je a zare ƙwan in huta, haka kowa ke yi. Na je aka zare. Daga nan batir ya riƙa mutuwa, sai na ɗauki ɗabi'ar tasha: in kai shi wurin mai caji da yamma, in ɗauko da safe, in ya ƙi a tura ni.

Lokacin roron wake aka bugo mini waya cewa kububuwa ta sari mahaifina a gona. Na baro Azare da batirin da na yini ina aiki da shi. Na same shi ƙafa ta kumbura, amma yana magana. Muka sa shi a baya, ƙaninsa ya riƙe shi, na juyo. Mun yi nisa sai na danna oda na ji muryarta ta shaƙe. Mota ta fara shiɗewa, ta yi ta yi, ta mutu a inda babu gida ko ɗaya. Na murɗa makulli, shiru. Wasu masu kiwo suka tura mu har suka gaji, ko tari ba ta yi ba. Ina dukan sitiyari, Baba ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro, ya ce in bar dukan baiwar Allah, in yi salati. Har ya yi murmushi ya ce da jakinsa muka hau da yanzu mun wuce nan. Da ƙyar muka sami mai babur. Kafin mu isa asibiti jini ya fara fita ta dasashinsa, washegari ya cika.

Na san kwana ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma da 'yan'uwa suka ce in rabu da motar, na ce sai na san abin da ya kashe ta. Na jawo ta wurin wani mai gyaran wayar mota, na ce kada ya taɓa komai sai ina gani. Ya duba fambel, wato igiyar robar da inji ke juyawa, lafiya. Ya yi wa batir caji ya gwada shi, shi ma lafiya. Ya tayar da inji ya ɗora mita, ya nuna mini wuta ba ta ƙaruwa, ya ce altaneta, wato abin da ke cika batir idan mota na tafiya, ba ya aiki. Da ya kwance shi sai ga 'yan ƙananan gawayin cikinsa sun cinye, abin da fitilar ke faɗa mini ke nan tun farko. Sannan ya tambayi wanda ya cire ƙwan. Ya ce a irin waɗannan tsofaffin motoci ta cikin ƙwan nan ɗan wutar da ke tayar da altaneta ke bi, don haka ranar da aka zare shi, ɗan cajin da ya rage ma ya tafi. Na fita na zauna a bayan garejin.

Tun daga nan kullum na gama lodi wurinsa nake zuwa ina koyo. Ga abin da nake so direbobi su riƙe: idan ka murɗa makulli fitilar batir ta kama, idan inji ya tashi ta mutu. In ta zauna, tsaya a duba fambel, kan batir da altaneta. In ba ta kama ba sam, wani ya rufe mata baki, ka mayar da ƙwan. Cajin dare ba gyara ba ne.

Kwanakin baya fitilar ta sake kama mini, mota cike da 'yan kasuwa. Na ce kowa ya sauka. Wata Hajiya ta ce ita ba ta taɓa ganin direban da ƙwan fitila ke ba tsoro ba, 'yan tasha suna ta sheƙa dariya. Na sauke mata buhunanta da hannuna, na ce ta yi haƙuri, na taɓa ɗaukar mutum a haka, ban kai shi ba.