Kaskon Gwaggo a Cikin Motata

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ranar da Gwaggo ta turara motata ba za ta fita daga raina ba.

Ana saura 'yan kwanaki bikin ƙanwata motar ta fara warin fetur. Da farko na ɗora laifin a kan jarkar man janareto da nake sakawa a but ɗin motar. Na cire ta, na kai motar aka wanke ciki da waje, wari yana nan. Na buɗe gaba na leƙa inji, na durƙusa na duba ƙasa, ko ɗigo ban gani ba. Ga shi an riga an sa motar cikin waɗanda za su kai amarya. Ran bikin da hantsi na kira wani abokina bakanike, ya ce in ajiye ta, kada kowa ya tayar da ita, in je garejinsa in ɗauko shi bayan azahar. Na bar ta a ƙofar gidanmu na Ƙofar Kwaya, na ba matata makulli, na ja mata kunne cewa kada a tayar.

To, ba a tayar ɗin ba kuwa.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce, ita ta yi renon amaryar, kuma a danginmu ba a biki sai da turarenta. Mace ce da ko labule ta wuce sai ta shinshina. Ashe labarin warin ya kai kunnenta a cikin gida, ta karɓi makulli a hannun matata, wadda ba ta isa ta ce mata a'a ba.

Muna shigowa layinmu a kan babur ni da bakaniken na hango hayaƙi yana fita ta saman gilashin baya. Ban jira ya tsaya ba na diro, takalmina ɗaya ya tsaya a hanya. Da na iso sai na ga abin da ya fi gobarar da nake zato ban tsoro: Gwaggo ce zaune daram a kujerar baya, ta ja ƙofa, ga kaskon garwashi jajir tsakanin ƙafafunta, tana yi masa fifita da mafici. A gefenta ta shimfiɗa laffayar amarya don ita ma ta sha ƙamshi.

Abokina ne ya buɗe ƙofar a hankali.

"Hajiya, don Allah ki daina hihitar nan. Kada ki motsa."

"Kai kuma wane ne? Mi na yi?" Ta juyo kaina. "Kai ɗan nan, cikin wanga wari za ka ɗauki ɗiyata? A kai ta gidan miji tana warin gidan mai?"

Abokina ya sa hannu biyu ya ɗauko kaskon da zafinsa, ya tafi da shi can bakin kwata ya kife. Ni kuma na kamo hannun Gwaggo na fito da ita, tana ta faɗa wai na tara mata jama'a, yaran zamani ba su da kunya.

Muka buɗe ƙofofi duka, hayaƙi ya fice. Abokina ya shinshina gaban motar, ya girgiza kai. Ya zagaya murfin tanki, nan ma lafiya. Da ya sunkuya a baya sai ya ce in taya shi ɗaga kujera. Ni sai ranar na san cewa a irin motata tanki yana ƙarƙashin kujerar baya ne, kuma akwai ɗan murfi a wurin da famfon mai yake. Robar da ke toshe bakin famfon ta tsufa ta tsage. Fetur ya taru a wurin kwance, soson kujerar ya sha ya ƙoshi. Ya matsa soson da yatsa, mai ya tsattsafo. Tsakanin wurin da inda kaskon ya zauna bai fi taƙi ɗaya ba.

Na ce Innalillahi, na zauna a kan dakali.

Gwaggo ta matso don ta ga abin da muke kallo. Abokina ya nuna mata. Ta taɓa bayan zanenta, ta kai hannu hanci. Zanen ya jiƙe da fetur. Matar da ban taɓa ganin an rufe mata baki ba ta tsaya tana kallon hannunta. Can ta ce, da wata ƙaramar murya:

"Na aika a kira mini amaryar hwa. Cewa na yi ta zo ta zamna kusa da ni, ƙamshin ya kama jikinta. Mai lalle ce ta riƙe ta."



Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Ya je ya samo sabuwar roba ya sa, ya sake wani ɗan tiyo da ya ga ya fara bushewa, muka cire soson muka shanya a rana. A motar maƙwabcinmu aka kai amarya, ita ba ta ma ji labarin ba sai bayan sati.

Tun daga ranar, duk warin da ban san daga inda yake fitowa ba, ba na yarda a rufe shi da ƙamshi, sai an nemo tushensa. Kuma in zan hana abu a gida, nakan faɗi dalili, don Gwaggo ba ta karya dokata ba, ƙauna ce ta kai ta. Har yanzu ita ke turaren bikin danginmu, amma in za ta shiga motata sai ta tsaya a bakin ƙofa ta shinshina, sannan ta ce, "Ɗan nan, ka ɗaga kujerar nan kwanan nan?"