Dutsen da ke Bayan Kujerar Malam Mansir

Duk wanda ya tashi a unguwar Ɗan Iya ta Bauchi, da wuya a rasa hotonsa a gaban dutsen Malam Mansir. Dutsen ba na gaske ba ne, zane ne a kan wani ƙaton ƙyalle da ya rataye a bangon shagonsa na ɗaukar hoto: dutse mai tsaga a tsakiya, kuka a gindinsa, ga ciyawa kore shar. Shekara talatin da ɗoriya amare da sababbin ma'aikata suna zama a kujera ɗaya a gabansa, shi kuwa yana gyara musu haɓa yana cewa, "Kar a motsa."

Idan aka tambaye shi ina ne wannan wuri, sai ya gyara hula ya ce ƙasar waje ne. Ya san halin mutanensa, kowa yana so a ce ya je wani wuri. Gaskiyar kuwa ita ce abokinsa Irmiya mai fenti ne ya zana shi, ya kuma ce masa dutsen yana nan bayan Yelwa. Malam Mansir ya yi ta cewa zai je ya gani, har Irmiya ya rasu bai je ba.

Ana tsakiyar damina sai ga Sauda, 'yar ƙaninsa da ke karatun aikin jarida a jami'a. An ba su aikin ɗauko hoton fili, ba mutum ko ɗaya a ciki, a miƙa ranar Litinin.

"Hoto ba mutum?" in ji shi. "To wa zai karɓa?"

Ta yi dariya, ta kalli ƙyallen. "Baffa, da irin wannan wurin muke da shi a Bauchi, ai da na huta."

Nan baki ya riga hankali. "Ai a Bauchi yake. Na san wurin kamar tafin hannuna. Asabar zan kai ki."

Sauda ta daka tsalle, ta kira malamarsu a waya a gabansa ta ce ta samu wuri. Sai da ta fita ya gane abin da bakinsa ya jawo masa. Yarinyar nan tun tana rarrafe take ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa, kuma ba abin da yake tsoro irin ta gane Baffanta cika baki yake yi.

Amma tsoron bai hana shi ɗoki ba. Ya jawo kujerar masu ɗaukar hoto, ya juya ta, ya zauna yana fuskantar ƙyallen, karo na farko a rayuwarsa. Ya san Irmiya ba ya ƙari a zane, abin da idonsa ya gani shi yake sawa. Inuwar kukar ta kwanta ta yi tsawo zuwa hagu, fuskar dutsen kuma ta yi ja-ja, wato da sanyin safiya aka zana. A can ƙurya akwai wani siririn layi da ya daɗe yana ɗauka fenti ne ya zuba. Da ya matsa kusa sai ya ga ashe rafi ne. Kwana biyu yana shiri, ya goge ƙafafun kyamara, ya nemo lema, ya hana kowa sakat a gida da zancen haske.

Ranar Asabar bayan sallar asuba suka hau keke napep ɗin Hammadu, wani Bafulatani da ya yi kiwo a wannan yanki kafin ya shigo gari. Malam Mansir ya naɗo ƙyallen gaba ɗaya ya ɗora a cinya. Sauda ta tambayi dalili, ya ce don a gwada launi.

Suka wuce ɗakunan hayar ɗalibai, suka bar kwalta. Duwatsu kam ga su nan birjik, amma ba mai tsaga. Suka zaga sau biyu, rana tana ta ɗagowa. Sauda ta juyo ta dube shi.

"Baffa, ka taɓa zuwa kuwa?"

Ya ji kunya har cikin ƙashinsa. "Ban taɓa ba, 'yata. Amma na fi shekara talatin ina kallonsa. Hammadu, akwai rafi a nan kusa?"

Hammadu ya ce akwai wanda suke shayar da shanu a da. Suka gangara da ƙafa, raɓa tana jiƙa musu wando. Malam Mansir ya sa rana a damansa, ya bi bakin rafin yana waige, yana haki, ƙyalle a kafaɗa. Can ya ja ya tsaya. Dutsen da suka wuce ɗazu ne, ashe ta wannan gefen kawai tsagarsa take fitowa. Kukar tana nan, ta ƙara kauri, inuwarta a kwance zuwa hagu.

Sauda ta kafa kyamara cikin murna. Shi kuwa ya ɗaga hannu sama yadda ya saba, ya ce wa dutsen, "Kar a motsa." Hammadu ya fashe da dariya, Sauda ma haka. Shi ma ya yi dariyar, sai dai da hawaye, don Irmiya ne ya faɗo masa a rai.

Sauda ta miƙa aikinta ranar Litinin. Da yammacin ranar wata mata ta kawo 'ya'yanta hoto, ta kalli ƙyallen ta ce, "Malam, wai wace ƙasa ce wannan?"

Ya gyara wa ƙaramar haɓa, ya koma bayan kyamara. "Bauchi ce, Hajiya. Bayan Yelwa, ta bakin rafi. Na je da ƙafata."