Akushin Da Ya Yi Wa Yaya Girma

Ni ba ɗan masassaƙa ba ne, ko muciya ba a taɓa feƙewa a gidanmu ba. Ritaya ce ta jefa ni. Da na ajiye aikin malamin gona na zauna a Wurno, zaman banza ya nemi kashe ni, sai na sa wani mai walda a Achida ya haɗa mini injin juya icce da tsohon injin ban ruwa. Ka ɗaure gungume, inji ya riƙa juya shi, kai kuma ka kafa masa ƙarfe mai kaifi yana cinsa har ya zama akushi. Maƙwabta suka sha dariya, wai boko ya ƙare a sassaƙa. Na ce ai ba da man gidan uban kowa nake tayar da injin ba.

Ina cikin wannan wasa 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu na ƙasar Rabah. Iyalin yayana suka watsu gidajen dangi, shi kuma ya sauka wurina, daga shi sai rigar wuyansa. Na ba shi ɗaki, na ba shi sutura. Abinci ne ya gagara. Maiɗakina ta yi tuwo, ta yi shinkafa, ta dama fura, sai ya taɓa ya rufe kwano. Ƙaton mutum da na sani yana ɗaga buhun albasa shi kaɗai, ga shi wuyansa ya zama kamar na zabo. Tsoro ya kama ni, ni kuwa in na tsorata faɗa nake yi.

"Haba Yaya! Bindiga ba ta kashe ka ba, sai ka zo gidana yunwa ta kashe ka? Mi kaka so mutane su ce?"

Ya ce, "Ba ni iya cin tuwo cikin ƙarhe. Sanyi shika yi, awa abincin asibiti. Akushina ya ƙone da gida."

Na san akushin. A ƙauye, in an sallame magariba, kowane magidanci na unguwar yakan fito da tuwonsa ƙofar gidan Yaya a juye a ciki, a kewaye shi a ci tare, don babu mai akushi kamar nasa. Na ce in dai icce ne matsalar, an gama. Na ce ya gwada mini girmansa. Ya buɗe hannuwa kamar zai rungumi turmi.

Ban taɓa yin mai girma haka ba. Ranar kasuwar Goronyo na samo gungumen iccen danya, na kuma kai ƙarafuna wurin maƙeri, don gajeru ne kuma miƙaƙƙu, ba su kai gindin rami mai zurfi. Na ce ya ƙara wa ɗaya tsawo da sufirin, wato ƙarfen ƙarƙashin mota, ya lanƙwasa bakinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, wanga ƙarhe na mi ne?" Yanzu, saboda 'yan bindiga, ba mai ƙera dogon ƙarfe bai tambaya ba. Sai da na rantse masa na akushi ne kafin ya sa a wuta.

Ɗanyen icce ba a yi masa gaggawa. Sai ka fafe shi sama-sama, ka binne cikin ɓawon da ya zubar ya bushe a hankali, in ba haka ba ya tsage. Wannan jira ya ci mini rai. Icce na bushewa a rumfa, Yaya na bushewa a ɗaki, kullum sai na tono iccen na ɗaga in ji ko ya yi sauƙi, na zage shi na mayar. Da ya bushe na mayar da shi kan inji. Sabon ƙarfen ya shiga kamar an yi su tare. Na goge, na babbake shi ya yi baƙi, na shafe da man shanu har yana ƙyalli.

Maiɗakina ta cika shi da tuwon gero da miyar kuka. Yaya ya ce a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na shimfiɗa da kaina, zuciyata fari ƙal. Muka wanke hannu, ya yi bismilla ya kai loma. Ya kai ta biyu, ta uku, sai ya janye hannu.

Kowa ya sani, in ana ci tare, gabanka kake ci, ba ka miƙa hannu gaban wani. Yaya ya ci ɗan abin da ke gabansa, na ci nawa, sauran tuwon yana nan tsibi guda ba wanda ya taɓa.

"Ci mana, Yaya."

Ya nuna gefen damansa. "Nan liman ka zama. Mu munka rufe shi." Ya matsa da yatsa. "Nan mai shago, an tahi da shi daji, har yau shiru. Nan ƙanen babanmu, an ce shina Illela, ban sani ba."

Raina ya ɓaci, na ce, "To ba su nan! Ci nasu!"

Ya ce, "Kai, yaushe ka ga an ƙetare gaban mutum?"

Haka muka yi ta yi. Kullum a cika akushi, kullum ya ci gabansa ya tashi, sauran ya zama ɗumame. Na sa aka rage tuwon, sai ya rage gaban nasa shi ma, don ko kaɗan ne sai ya bar wa kowa rabonsa. Na gayyato maƙwabta, ya gaishe su da mutunci, ya ƙi sa hannu sam. Wallahi har na yi tunanin in sa gatari in raba abin nan biyu.

Ana nan wani direba da ke bin hanyar Rabah ya kawo labari cewa mai shago ya rasu a hannun mutanen daji. Yaya ya yi salati, ya yi masa addu'a. Washegari da hantsi sai ga shi a rumfata, rungume da akushin.

"Rage shi."

Na ce Yaya, a bari mana, ai za a koma gida, wasu na nan da rai. Ni da kaina na ji maganar ba ta da ƙarfi.

"Rage shi, ƙanena. Na mutum guda."

Na ɗaura shi kan inji. Akushi daga baki yake da faɗi, saboda haka bakin na yi ta ci da ƙarfe, ina saukowa. Baƙin da na sha wahalar yi ya yi ta zuba ƙasa, farin icce na fitowa. Yana tsaye a kaina. In na ɗaga ƙarfe sai ya ce, "Ƙara." Sai da ya rage kamar ƙwaryar shan fura sannan ya ɗaga mini hannu.

Da magariba aka zuba masa. Ya cinye tas, ya suɗe miyar, ya lashe yatsu. Maiɗakina na bayan ƙofa tana ta hamdala. Abin da nake nema ke nan tun zuwansa, na samu, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Ya wanke hannu, ya miƙo mini akushin ya ce, "Gobe a kai min ɗaki. Ba sai an shimhiɗa tabarma waje ba."