Faransancin Maiɗakina

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya bambancin harsuna cikin ayoyinsa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa.

Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, a tsallaken iyaka aka haife ta, a ƙasar Kamaru, kuma ta yi shekaru a makarantar boko ta can kafin a kawo mini ita unguwarmu ta Nassarawo. Tun makon farko na ce mata gidan nan na Larabci ne da Fulatanci da Hausa, ba na son jin Faransanci a cikinsa. Ta ce to. Ba ta sake furta shi a gabana ba, har na manta ta taɓa iya shi.

Da autarmu ta shiga babbar makaranta a nan Mubi, sai aka ba ta fannin Faransanci. Malaminsu, Kirista mutumin Michika, ya ɗora musu kallon finafinan zamani waɗanda aka yi a Faransa da Senegal da Cadi. Hujjarsa ita ce littafi ba ya nuna yadda mutane ke gaisawa, ko ciniki, ko yi wa juna ta'aziyya. Na auna maganar, na ga neman ilimi ne, na yarda bisa sharaɗi ɗaya: ta riƙa sa wayar kunne, don kada kiɗa ya tashi a gidan da ake karatun Alƙur'ani.

Bayan la'asar takan buɗe kwamfutarta a rumfa, uwar ta jawo tabarma tana tsince wake, idonta a kan hoton da babu sauti. Na ɗauka kallon tufafi da gine-gine take yi. Ashe bakunan mutanen take bi.

Wata rana na dawo daga masallaci na tarar da su kai da kai, kowacce da reshe ɗaya na wayar a kunne. A hoton wata tsohuwa ce ke yi wa jikarta faɗa a bakin rafi. Maiɗakina tana dariya har da hawaye, tana gyara wa yarinyar furuci.

Da ta gan ni ta zare wayar, ta ce, "Malam, sannu da dawowa. Na ɗan taya ta ne kawai."

Ban yi faɗa ba. Amma ban ce ta ci gaba ba, alhali kalmar tana bakina. Na wuce ɗaki ina ganin shirun nan sassauci ne. Ita kuwa ta ɗauke shi hani, daga ranar ta mayar da tsintar wakenta madafa.

Ciwon ajalin maiɗakina ya zo yarinyar tana bautar ƙasa a kudu. A kwanaki biyu na ƙarshe Hausa da Fulatanci suka kuɓuce mata, sai Faransanci. Ta riƙe hannuna tana yi mini magana mai tsawo, tana dakatawa don in amsa. Na buga wa yarinyar waya, tana kan hanya, layin na yankewa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan nahawu da balaga, na zauna ina gyaɗa kai kamar kurma. Kalmar shahada kaɗai na gane, kuma da ita ta cika, alhamdu lillahi.

Bayan sadakar uku na maimaita wa yarinyar abin da kunnena ya riƙe. Ta saurara har sau uku, ta ce, "Baba, ban iya fitar da komai ba." Ko wasiyya ce, ko yafiya, ko ƙorafi, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah ya gafarta mata, ya gafarta mini. Ya sanya albarka ga mai karanta wannan da iyalansa, ya ba shi ikon sauraronsu tun suna kusa da shi.