Waƙar da Muke Sauraro a Bakin Rijiya

Wani ɗan Filifin ne ya kawo mana waƙar, lokacin da muke aikin haƙar yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa a Akokan. Mai gyaran lantarki ne, gajere, ga surutu, kuma duk safiya idan mota ta fara gangarawa da mu cikin rami sai ya kama rera ta. Da farko mun ɗauka ta coci ce, har wani dattijonmu ɗan Tahoua ya riƙa toshe kunne yana a'uziyya. Daga baya ya bayyana mana cewa a ƙasarsu aka yi ta, shekarar da jama'a suka cika titi hannu cikin hannu, suka tsaya gaban tankokin yaƙi har mai mulki ya gudu. Ma'anarta, in ji shi, ku haɗa kai. Ba mu iya kalma ko ɗaya ba, amma muryar ta zauna mana a maƙogwaro.

Ya koma gida tun kafin a rufe ramin. Da aka rufe, kowa ya kama gabansa, haɗin kan ya tsaya a baki. Ni da abokina ne kawai ba mu rabu ba. Buzu ne, mutumin duwatsun Ayar, da can mai lambu, kuma shi ya fi kowa iya waƙar, duk da muryarsa kamar ta tsohon rago. Ya bar matarsa da 'ya'ya a Akokan, muka hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Tchibarakaten neman zinariya.

Can rijiya ce mai ƙunci, mai zurfi, mutum ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama riƙe da igiya. Abin tsoro shi ne iska. Takan lalace a ƙasa ba wari ba alama, mutum ya ji barci, shi ke nan. Sai muka yi ƙa'ida: wanda ke ƙasa ya riƙa rera waƙar ba tsayawa, na sama ya kame bakinsa ya kasa kunne. Muddin murya na tasowa, lafiya. In ta yanke, a ja igiya ba tambaya.

“Kai dai ka saurara,” yakan ce da Hausarsa ta Buzaye. “In waƙa ya mutu, ni ma ya kusa.”

Maƙwabtanmu na sauran rijiyoyi, samarin Maradi da na Damagaram, suka ji ta har suka haddace. Ban ga laifinsu ba, tana da daɗi, kuma an yi ta ne don baki da yawa. Na ma ji alfahari, ni sarkin wauta, wai mun kawo wa daji abin duniya.

Wata rana da hantsi abokina na ƙasa, ina sama, sai rijiyar da ke kusa da mu ta faɗa kan zinariya. Ihu ya tashi, mutane suka taru, aka rungumi juna. Wani ya ɗauko waƙar, sauran suka amsa, suna tafi suna buga jarka. Ta cika wurin gaba ɗaya. Na kwanta rub da ciki na tura kaina cikin rijiya, ina jin waƙa ta ko'ina, amma na kasa gane ko akwai tasa a ciki.

“Ku yi shiru, don Allah! Akwai mutum a ƙasa!”

Wa zai ji ni? Wasu ma sun ɗauka murna nake, suna ɗaga mini hannu. Na fara ja, na ji nauyin ba na mai taimakon kansa ba ne. Sai da na jefi wani da dutse suka waigo, suka ruga suka kama igiyar tare da ni. Hannu ya yi yawa a lokacin, har ba wurin riƙewa.

Ya fito da gudumarsa ɗaure a ƙugu, fuskarsa lafiya lau kamar mai barci. Muka yi ta danna ƙirji, muka zuba ruwa, ba motsi. A can muka binne shi, kuma samarin nan su suka haƙa kabarin suna kuka. Na so in tsane su, na kasa, abin da ya fi cin raina ke nan.

Ni na kai wa matarsa kayansa a Akokan. Ta saurare ni daga bayan labule har na gama.

“Malam, wa ke riƙe da igiya?”

“Ni ne.”

Sai ta ce wa babbar 'yarta ta kawo mini ruwa, wai na sha hanya.