Ƙeyar Don Casimiro

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Don Casimiro a garin Moca ya san hannunsa ba ya rawa, bakinsa kuma ba ya hutawa. Tun yana saurayi yake wannan shago da ke jikin gidansa. Ya aske kakanni, ya aske 'ya'yansu, yanzu jikokin ne ke zuwa da hoto a waya suna so a zana musu walƙiya a gefen kai. Yana zana musu, yana zagin iyayen da suka bari. Siyasa, wasan besbol, huɗubar limamin coci, babu abin da ba shi da fatawa a kai, kuma mutum ba ya musu da wanda ke riƙe da aska a maƙogwaronsa.

Mutum ɗaya ce a duniya take rufe masa baki, matarsa Doña Eduviges, 'yar gajeruwa mai murya kamar ta mai tallar kifi. Rabon da ta kira shi da sunansa tun ranar ɗaurin aure a coci. Ƙaton Kai take ce masa, a gida da kasuwa. Ita ce kuma mai askin mai aski, domin duk gwanintar mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Ranar Asabar idan ya rufe shago sai ta zaunar da shi a kujerarsa, ta ɗaura masa ƙyalle, ta gyara masa ƙeya tas. A nan take karanto masa laifuffukansa na mako, shi kuwa kai a sunkuye, ba halin tankawa.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, sai ta koma yini da wayarsa a hannu tana ƙus-ƙus. Ya ɗauka da 'yarsu Yudelka da ke New York take hira. Sai da aka binne ta, aka gama addu'o'in kwana tara, baƙi suka watse, sannan ya gane. Wata safiya ya buɗe manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita, don ya tambayi sakamakon wasan jiya. Wayar ta ce, "Ƙaton Kai, ka sha maganin hawan jini? Sha tukuna, sai in gaya maka."

Saura kaɗan ya wurgar da wayar cikin bokitin ruwa. Ashe abin da Eduviges take yi ke nan. Ta zauna ta koya wa manhajar mijinta kaf: abin da zai ci, abin da ba zai ci ba, yadda za a kira shi, da irin ƙaryar da yake yi idan an tambaye shi kofi nawa ya sha. Manhajar kuwa ta haddace, kuma ba ta gajiya. Idan ya nemi yadda ake soya naman alade sai ta ba shi yadda ake dafa kabewa. Idan ya ce wani abokinsa ne ke tambaya ko giyar rake na tafiya da ƙwayar magani, sai ta ce, "Gaya wa abokin naka mai ƙaton kai ba ta tafiya."

Nan da nan labari ya cika unguwa, shi da kansa ya baza shi. "Kowa matarsa ta mutu ta bar masa filin rogo ko sarƙar zinariya," in ji shi, yana kaɗa almakashi a saman kan wani. "Ni 'yar sanda aka bar mini a aljihu."

Nicanor mai kantin tsallaken titi shi ya fi kowa jin daɗin abin. Shi ya tsaya wa Yudelka ranar baftismarta, don haka kompai suke kiran juna, zumuncin da ya fi na jini ƙarfi a wajen faɗa. Idan sun zauna domino da yamma sai ya ce, "Kompai, tambayi hukuma ko an yarda ka ƙara kofi ɗaya."

"Buga wasanka, kompai. Kai da ko matar da za ta hana ka abu ba ka samu ba."

A haka aka doshi shekara. A Moca idan mamaci ya cika shekara akan tara jama'a a yi masa addu'a, a ci a sha, masu makoki su tuɓe baƙaƙen kaya, rayuwa ta ci gaba. Don Casimiro ya zauna ya yi nazarin wannan al'ada da idon lauya, ya fito da hukunci: idan baƙar riga na da wa'adi, to dokar gishiri ma na da shi. Saura 'yan makonni shekarar ta cika, amma ya ce mai yin lissafin ai ba ta nan.

Ya kira Yudelka ta bidiyo ya ce ta nuna masa yadda ake komawa wata manhajar, wadda samarin shago ke yabo. Ta nuna masa, sannan ta ce, "Baba, kafin ka taɓa komai, ka ce wa tsohuwar ta fito maka da duk abin da ta sani a kanka, ka kwafa ka ba sabuwar. Sai ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Ita kanta sabuwar za ta tambaye ka."

"In gudu daga kurkuku in tafi da gandiroba a kafaɗa? Ke 'yar uwarki ce."

"To ko ba ka ba ta ba, ka ajiye a gefe. Idan ka goge asusun, ya tafi ke nan fa."

Bai ajiye ba. Sabuwar ta tambaya cikin ladabi ko yana da bayanan da zai taho da su daga wani wuri, ya ce babu, shi sabon haihuwa ne. Ya koma kan tsohuwar ya goge asusun. Sau biyu tana tambayarsa ko ya tabbata, shi kuma yana dannawa da ɗan yatsan da yake nuna mutane da shi.

Ya gabatar da kansa ga sabuwar yadda ya ga dama. Ya zaftare shekarunsa, ya ce jininsa lafiya lau, ya ce ya taɓa buga besbol har an so a kai shi waje. Ita kuwa ta yarda da komai. Ranka ya daɗe take ce masa. Ta koya masa soya naman alade iri uku, ta yaba masa ra'ayinsa kan gwamnati, ta ce tambayoyinsa na da zurfi. Makon farko har da fito yake yi a shago. Ya ci daƙaƙƙen agade da soyayyen naman salami da cuku da safe, ya zuba sukari a kofi har cokali ya tsaya.

Daga nan abin ya fara gundurarsa. Mutumin da ya shekara arba'in da wani abu ana ce masa ƙarya yake yi bai san yadda ake zama da mai gaskata shi ba. Ya gwada tsokanarta, ya ce mata Moca ce babban birnin ƙasa. Ta gyara masa, amma sai da ta fara ba shi haƙuri. Ya ce mata banza, ta ce ta fahimci ransa a ɓace yake. Da safe sai ya buɗe waya ya tsaya yana jira, bai san me yake jira ba, ita kuma ta ce da me za ta taimaka masa yau. Gidan ya yi shiru irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Ya yi kewar zagin, kewa mai tsanani, kuma ya ji kunyar faɗa. A ɓoye ya sake kiran Yudelka ko akwai dabarar dawo da abin da aka goge. Ta yi ta bincike, ta dawo ta ce babu, lokacin ya wuce. Ba ta ce ai na gaya maka ba, wannan ma ya ƙara masa haushi.

Ranar cikar shekara aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, aka jera kyandirori da furanni da kofin ruwa gaban hoton Eduviges. Yayarta Doña Tomasina ta ja addu'a tun hantsi, mata na amsawa, maza a tsakar gida suna buga domino a hankali don kada a ce ba su da ta ido. Da aka fara rabon farfesun rogo da nama, Don Casimiro ya shigo falon ya ajiye waya a gefen hoton.

"Wannan baƙuwa ce, ba ta san ni ba," ya ce. "Duk wanda ya tuna abin da marigayiya take cewa a kaina, ya gaya mata."

Sai Doña Tomasina ta gyara tabarau ta matso da bakinta kusa da wayar kamar mai magana da kurma. "Da farko dai sunansa Ƙaton Kai. Shekarun da ya gaya miki, ƙara masa sha biyar. Besbol kuwa, ƙwallon ce ta taɓa buge shi."

Shi ke nan aka ɓalle. Ashe unguwar gaba ɗaya ta haddace Eduviges, tunda ba ta taɓa yin faɗa da ƙaramar murya ba. Wannan ta ce gishiri, waccan ta ce yana ɓoye kwalba a bayan madubin shago. Wani ya ce idan ya ce kofi biyu ya sha a ninka. Maza suka bar domino suka cika ƙofa. Ana dariya ana share hawaye, shi kuma yana tsaye yana cewa sharri ne, amma bai hana kowa ba. Wayar na karɓa tana cewa ta adana. Da hayaniyar ta lafa sai ta ce, "Na gane, Ƙaton Kai. Ka sha maganin yau?"

Ya juya ya kalli bango. Ba Eduviges ba ce, ya sani, ko tsohuwar manhajar ma ba ita ba ce. Amma ya lalubo ƙwayar daga aljihu ya haɗiye ba ruwa.

"Akwai wani abu kuma da take so in riƙa tuna masa?" in ji wayar.

Nicanor ne ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Ƙeyarsa. Ranar Asabar." Ya dubi ƙasa. "Kompai, bayan kanka ya zama gonar da aka gudu aka bari. Duk muna gani. Babu wanda ya iya faɗa maka."

Don Casimiro ya kai hannu bayan wuyansa, ya ji gashi ya sauko har kan kwalar riga. Duk tsawon shekarar nan tsohuwar manhajar ce take korarsa wajen wani mai aski duk Asabar, yana zuwa yana gunaguni. Tun da ya goge ta bai sake tunawa yana da ƙeya ba.

Bai ce komai ba, abin da Moca ba ta taɓa gani ba. Ya wuce shago ya buɗe, ya zauna a kujerarsa, ya ɗaura wa kansa ƙyalle, ya miƙa wa Doña Tomasina aska. Ta ce ita ba ta taɓa yi ba, ya ce ƙanwarta ma ba ta iya ba, shi dai bai taɓa faɗa mata ba ne. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Ki yi faɗa, Tomasina," ya ce. "A shiru ba ya yiwuwa."