Gawon Sallau Ya Fito a Gonata

Ni da Sallau mun yi faɗa sau ɗaya, shekarar da aka mayar wa mutanen Birnin Tudu gonakinsu bayan aikin dam. Katafila ta riga ta bi ta kansu ta baje, babu kunyar noma, babu iyaka, babu itace. Gonar gadona da tasa dama maƙwabta ne. Ya tsaya a kan tawa ya kafa sanda.

Na ce, "Malam Sallau, wagga tawa ta. Taka tana gabas."

Ya ce, "Marka, nan gawon ubana yake."

"Ina gawon?"

"Sun tuge shi."

"To da mi ka gane wurin? Ƙamshi ya bar maka?"

Ya ce ƙafarsa ta sani. Na ce ƙafar da ke kai shi masallaci bayan an sallame. Mai gari ya duba gabas ya duba yamma, duk jan fako ne, ya ce kowa ya riƙe inda yake tsaye tunda babu wadda ta fi wata. Ta gabas ta zama tawa, na koma gida.

Sallau mutum ne gajere, marar magana, mai jaki ɗaya. Baƙar ƙasar da iyayenmu suka tara, katafila ta kankare ta ta jibge a gefen hanyar ruwa. Shi kaɗai ya ce ƙasarsa ce, zai je ya ɗauko abarsa. Da rani ya ɗora wa jaki mangala, ya je ya ciko, ya zube, ya koma. Ya kwashe jujin unguwa. Ya roƙi Fulani su kwana masa da shanu, yana kai musu dawon fura. Kara ma ba ya bari matarsa Taibatu ta ɗebo na girki, sai ya kwantar da shi gara ta ci. Ta yi yaji a kan haka, ya je biko da jakin, ya dawo da ita da tokar gidansu.

Damina ta farko geronsa bai kai gwiwa ba. Jakin ya mutu, ya samo wani. A hankali ƙasar ta yi duhu, ta fara riƙe ruwa, har masu wucewa kasuwar Talata suna tsayawa kallo. Tawa kuwa ɗana Isa ya kafta sau biyu, fartanya ta lanƙwashe, ya tafi Bakura ɗinki.

Sai wata shekara wani abu mai ƙaya ya toho a tsakiyar fakon nawa. Gawo ne, daga tsohuwar saiwa. Katafila ta cire kai ta bar gindi. Babu gawo a gonar ubana tun da aka haife ni, kuma duk garin an san haka.

Sallau ya zo ya tsuguna gabansa tun hantsi har azahar. Daga ranar tuwon gidansa ya daina wuce masa. Yana jin malamai na faɗin abin da ke jiran wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani, shi kuwa gona guda ya ci, har da zakka yana fitarwa. Ya rame, ya kwanta. Ya aiko Taibatu ta kira ni.

Ya ce, "Marka, gonarki ta. Ki karɓi abinki, ki yafe mini hatsin da na ci."

Na dube shi. Wuyansa ya zama kamar na zabo.

Na ce, "Ban ba ka fako ka mayar mini da gona ba, balle gobe ƙiyama a tsayar da ni a kan jakinka. Na yafe, ka riƙe. Amma gawon nawa na, awakina sun riga sun gan shi. Tashi ka ci tuwo."